Murhun Gawayi a Hawa na Uku

Watanmu bakwai a Winnipeg mahaifiyata ta rasu a garinmu, Keren. A waya na ji, ina tsaye a tashar bas da ledar albasa a hannu, yatsuna sun sandare har na kasa kashe kiran bayan ƙanena ya gama magana. Ban je jana'iza ba. Wanda ya bar ƙasarmu ta hanyar da na bar ta, a ƙafa, yana waiwaye, ba ya komawa don an yi masa mutuwa. Na hau bas na koma gida na dafa taliya, don ƙarfe uku da rabi ake tashin su Sinit daga makaranta.

Sinit 'yata ce, ita kaɗai Allah ya ba ni, shekararta shida a lokacin. Ubanta, Habtom, yana aiki a wata babbar mayanka a garin Brandon. Sai bayan sati biyu yake zuwa, ya kwana biyu yana minshari, ya koma. Daga ni sai yarinyar a ɗaki biyu, hawa na uku na wani tsohon bene mai warin fenti da dafaffen kabeji. Ban san kowa a benen ba, kuma kowa tsoronsa nake ji.

Tsoron nan ba ni na ƙirƙiro shi ba, a coci aka ba ni shi. Adey Alganesh ce ta ba ni. Adey muke ce wa uwa, da duk macen da ta isa ta haife ka. Shekararta ashirin da biyu a ƙasar, ita ta nuna mini inda ake sayen garin injera, wainar ƙasarmu, da yadda ake sa safa kan safa, don haka duk abin da ya fito daga bakinta ba na musu.

"Akberet, 'yata, buɗe kunnenki," ta ce mini tun satin farko. "A nan yaro ba naki ba ne, ajiya aka ba ki. Kin ɗaga masa hannu, su zo. Kin bar shi a ɗaki kin sauka zubar da shara, su zo. Malamarsu ta ga tabo a jikinsa, su zo. Matan hukuma ne, da jaka da takarda, suna murmushi. Wata 'yar garin Dekemhare, can ƙasarmu, haka suka tafi da nata biyu. Har yau sai ranar Laraba take ganinsu, awa ɗaya, da mutum zaune a gefe yana rubutu."

Ban taɓa ganin 'yar Dekemharen nan ba. Sau biyu na tambayi sunanta, sunan ya zo iri biyu. Duk da haka na yarda, na yarda har cikin ƙashina. Na tsallaka iyaka da yarinyar nan a goye, na yi shekara uku da rabi da ita a Hartum muna cin gurasa da ruwan wake, ba wanda ya raba mu. In aka ƙwace ta a nan, a ƙasar da muka zo hutawa, ban san abin da zan ce na zo yi ba.

Sai kuma munafukar silin. Wata farar aba ce kamar murfin kwano, manne a sama tsakanin kicin da ɗakin kwana, da ɗan koren ido mai ƙiftawa. A watanmu na biyu na zuba ɗanyar gahawa a kasko na ɗora kan murhun lantarki. Ƙwayoyin sun fara baƙi ke nan, ƙamshi ya fara tashi, sai abar nan ta tsala ihu kamar ana yanka ta. Sinit ta toshe kunne ta shige ƙarƙashin tebur. Kafin in san inda zan sa kaina ana dukan ƙofa. Maƙwabciyarmu ce ta ɗakin da ke kallon namu, Madam Pawluk, doguwar tsohuwa mai tabarau rataye a wuya. Ta wuce ni ba gaisuwa, ta ɗauki tawul ta yi ta kaɗawa a ƙarƙashin abar har ta yi shiru. Sannan ta juyo ta zuba mini Turanci kamar an ɓalle famfo. Kalma biyu na tsinta, hayaƙi da yarinya. Ta kuma nuna Sinit da yatsa.

Da na ba Adey labari sai ta tafa hannu. "Irinsu ne masu kiran. Miji ya mutu, 'ya'ya sun watse, ba abin yi sai leƙen ramin ƙofa. Ta riga ta rubuta ki sau ɗaya. Kada ki yarda a yi na biyu."

Daga ranar na daina suyar gahawa. Na koma ta gwangwani, wadda ake zuba wa ruwan zafi a shanye a tsaye kamar magani. Jebenar mahaifiyata, tulun gahawar nan na yumɓu mai dogon wuya da na ɗauko naɗe cikin zani tun daga Keren, ta zauna saman firji tana tara ƙura. In na ji takun Madam Pawluk a korido sai in rage murya. Gaisuwarta ma da ka nake amsawa.

Ni kewar gida ba a ido ta kama ni ba, a hanci ta kama ni. Ƙasar nan in sanyi ya sauka ba ta da ƙamshin komai. Ka fita ka ja numfashi, gashin hancinka ya daskare, shi ke nan. Ni kuwa na tashi a gidan da kafin ka hango ƙofarsa ka ji shi: gawayi, lubban, gahawa, citta. Ita kuma Sinit kullum ƙara yi mini nisa take. In yi mata magana da Tigrinya, yarenmu, ta amsa da Turanci. Wata rana ta ce, "Mama, kada ki ƙara rataye mini rigar sanyi kusa da kicin, yara sun ce ina warin miya." Ranar da labarin rasuwar ya zo na nuna mata hoton kakarta a waya. Ta duba da kyau, don yarinya ce mai son faranta wa mutum, sannan ta ce, "Wace ce? 'Yar cocinmu ce?"

Tambayar nan ce ta yi kwana arba'in tana cina.

Arba'in ɗin ya faɗo ranar Asabar, ƙarshen Janairu. Habtom bai samu hutu ba. Adey ta ce in bari sai Lahadi a ambaci sunan marigayiya a coci. To, amma Asabar ce arba'in, ba Lahadi ba. Na san a Keren an kafa rumfa a ƙofar gidanmu, mata sun jera murhu, ƙannena suna zagayawa da tire, kowa yana shan gahawar uwata sai ni da ta zaunar ta koya wa haɗa ta. Na ce ko sau ɗaya ne, yarinyar nan sai ta ji ƙamshin ɗakin kakarta. Kuma ba na lantarki ba, na gaske.

Ina da ɗan murhun ƙarfe da na saya a Hartum, na cusa masa safa na kawo shi cikin akwati Habtom yana ta yi mini dariya. Gawayi kuwa tuni na gan shi a ɗakin ajiya na ƙasan bene, rabin buhu, irin na masu gasa nama a waje lokacin zafi. Wanda ya tashi daga ɗakinmu ne ya bari.

Bari in faɗi abin da na yi ɗaya bayan ɗaya, don na sha faɗarsa daga baya kuma ban taɓa rage komai ba. Na taka kujera na murɗo munafukar silin, na zare batirinta, na tura ta ƙarƙashin matashi. Na jiƙa tawul na toshe ƙasan ƙofa don kada ƙamshi ya je wa Madam Pawluk. Tagogi ban taɓa su ba, don tun Nuwamba mai kula da benen ya zo ya liƙe su da leda da salatif saboda sanyi. Na ja labule. Har daɗin dabarata na ji. A gida ma in iska ta yi yawa cikin ɗaki ake shigar da murhu, ban taɓa jin ya yi wa kowa komai ba. Ban tuna ba cewa ɗakin uwata rufin kwano ne mai huji, kuma ƙofarsa ba ta taɓa rufuwa daidai ba tun da aka haife ni.

Wajen ƙarfe ɗaya na rana gawayi ya kama. Na sa wa Sinit farar rigarta ta coci, na yafa farin mayafina, na zauna a 'yar kujera. Na wanke ƙwayoyin na soya har suka yi baƙi suna sheƙi. Sai na miƙa mata kaskon yana hayaƙi, yadda ake zagayawa da shi gaban baƙi.

"Me zan yi?" ta ce.

"Ki jawo hayaƙin da hannu zuwa fuskarki. Haka. Sannan ki sa mini albarka."

"Yara suna sa wa manya albarka?"

"Yau ke ce baƙuwa, ke ce babba. Yi maza kafin ya huce, ranki ya daɗe."

Ta jawo hayaƙin da hannu bibbiyu, ta lumshe ido, ta yi tari, ta yi dariya. Sannan ta ce, "Allah ya albarkaci hannunki," da Tigrinya, ba kuskure ko ɗaya. Ban san inda ta ajiye maganar ba duk tsawon watannin nan. Na juya baya na yi kamar ina neman taɓarya.

Na daka, na zuba a jebena da citta, na yi gugguru, na barbaɗa lubban a garwashi. Ɗakin ya yi ɗumi, irin mai shiga ƙashi, wanda ƙarfen ɗumama ɗakin nan na jikin bango bai taɓa ba ni ba. Na ba ta madara da ɗigon gahawa a finjali. Na ba ta labarin yadda kakarta take korar awaki da mafici, da yadda take zagin rediyo in ya faɗi abin da ba ta so. Zagaye uku ake yi, ba a tashi kafin na ukun, shi ne na albarka. Da muka gama na farko na ƙara gawayi. Da muka gama na biyu na sake ƙarawa, don ban so ranar ta ƙare.

"Mama, kaina yana ciwo."

"Ba dole ba, kin tashi da rabin kwanon gugguru. Je ki kwanta a doguwar kujera."

Ni ma kaina yana sarawa, nan tsakanin ido, amma ai kwana arba'in ke nan yana sarawa. Ta tashi, ta yi taku uku, ta yi amai a kan farar rigar. Na goge mata, har da ɗan faɗa. Na kwantar da ita na rufe ta da bargo, na koma wurina in jira na uku ya tafasa.

Abin da ya fi ba ni tsoro in na tuna shi ne daɗin da na ji. Jikina ya yi nauyi, ya saki. Na ji kamar takalmin uwata yana ja a bayan labule, sak yadda take jan ƙafar hagu. Ban firgita ba. Na ce a raina, ashe ta zo. Na zauna ina murmushi ban san ko minti nawa ba, har finjali ya suɓuce daga hannuna ya fashe.

Ƙarar ce ta dawo da ni. Sinit ba ta motsa ba, yarinyar da ko cokali ya faɗi sai ta zabura.

"Sinit." Shiru. "Sinit, tashi ki sha na albarka."

Na miƙe, ƙafafuna suka ƙi, na rarrafa. Na girgiza ta, kanta ya langaɓe gefe. Tana numfashi, amma sama-sama, da sauri kamar ɗan tsako. Na buɗe idonta da yatsa, ya koma ya rufe.

Lambar gaggawa ƙwaya uku ce, an koya mana a ajin Turanci, har waƙa malamar ta yi mana da ita. Na riƙe wayar ina kallon lambobin. Sai na ga matan nan masu jaka da takarda suna shigowa, suna ganin murhu a tsakar ɗaki, suna ɗaga kai suna ganin gurbin da ke silin. Na kira Adey Alganesh.

"Adey, Sinit ta ƙi tashi. Ta yi amai, ta kwanta, ta ƙi tashi."

"Wayyo Maryam. Me ta ci?"

"Gugguru. Madara."

Ban ambaci gawayi ba. Tsoron faɗanta nake, kuma har lokacin ban haɗa ciwon da murhun ba.

"Madarar ce, ta lalace. Shafa mata ruwan sanyi a fuska, ki juya ta ta gefe. Ga ni nan, bas biyu ne. Kada ki kira kowa sai na zo, kin ji ko? Ke ji muryarki ma kamar ta wadda ta sha ta bugu. Su zo su same ki haka, me za ki ce musu?"

Bas biyu ranar Asabar awa guda ne. Na shafa ruwan. Ko yatsina fuska ba ta yi ba.

Na san ba zan jira awa guda ba. Amma kafin in nemi taimako ga abin da na yi, kuma shi ne har yau ban yafe wa kaina ba. Na bar 'yata kwance na koma gyaran ɗaki. Na ɗauki murhun da tsumma, da garwashinsa da komai, na tura cikin obin, tanderun kicin, na rufe. Na kwashe finjalai. Na taka kujera in mayar da munafukar, silin ya juya mini, na faɗo na bugi haƙarƙari. Minti biyar ne, goma ne? Likita ta tambaye ni daga baya na ce ban sani ba, kuma gaskiya na faɗa.

Na kasa ɗaukarta. Jan ta na yi a kan bargon har bakin ƙofa, na fizge tawul, na buɗe, muka zube a korido, ƙofar ta koma ta rufe kanta. Ƙofar da na yi wata shida ina wucewa a kan yatsun ƙafa, ita na daka da tafin hannu.

Madam Pawluk ta buɗe da allurar saƙa a hannu. Ta dube ni, ta dubi Sinit. Tsohuwar da sai ta huta sau biyu kafin ta hawo bene, ta durƙusa ta kara kunne a bakin yarinyar, ta zaro waya daga aljihu. Da na ji tana faɗin lambar benenmu na kama ƙafarta na ce, "Don Allah, a'a." Ta dube ni sau ɗaya ta ci gaba da magana.

Akwai sanyi a korido, wani ya bar ƙofar matakala a buɗe. Na jingina da bango ina jan iska. Kafin motar asibiti ta iso sarawar kaina ta fara sauka, idona ya fara washewa. A nan na gane. Ba madara ba ce, ba kuma baƙin ciki ba ne. Ɗakin ne, abin da na kunna ne.

Mutum biyu suka hawo da jakunkuna, mace da namiji. Macen ta duƙa kan Sinit. Namijin ya tsuguna gabana, ya kira tafinta a waya ya ajiye tsakaninmu. Muryar wani ɗan ƙasarmu ta fito, muryar 'yan Asmara, babban birninmu, a natse kamar mai karanta labarai.

"'Yar'uwa, yana tambaya me yarinyar ta ci ko ta sha."

"Madara."

"Akwai magani a gidan inda hannunta zai kai? Ƙwayoyi, ko ruwan wanke banɗaki?"

"Babu."

"Ta faɗi? Ta bugu a ka?"

"A'a."

"Ya ce ki yi tunani da kyau, 'yar'uwa. Ba su san abin da za su yi mata ba sai sun san abin da ya same ta."

Na dubi Madam Pawluk, tana riƙe da takalmin Sinit ƙafa ɗaya. Na dubi macen tana haska idon yarinyar da 'yar tocila, tana huda mata yatsa, tana girgiza kai. Suna neman abin a jikinta, abin kuwa yana cikin obin, taku goma daga inda muke. In na yi shiru, wataƙila ta farka da kanta mu koma ɗaki ba wanda ya sani. In na faɗa, sun gama samun abin rubutawa. Na auna su biyun, Allah ya gani, sai da na auna. Sai macen ta ɗaga hannun Sinit ta sake shi, ya faɗi ƙasa kamar tsumma.

Ban bi ta kan tafinta ba. Na kama hannun rigar mutumin na ja shi, na tura ƙofa. Ko kicin ba mu kai ba wata 'yar na'ura da ke maƙale a ƙugunsa ta fara kuka. Na buɗe obin. Garwashin yana nan jajir.

Ya jefa wa abokiyar aikinsa kalma ɗaya, ya fizgo ni waje. Daga nan komai ya koma gudu. Aka kifa wa Sinit robar shaƙar iska, aka kifa mini. 'Yan kwana-kwana suka zo suka bi ɗaki-ɗaki suna fitar da mutane. Da aka sauko da mu, duk mutanen benen suna tsaye a kan ƙanƙara, wasu da silifa, wani da kyanwa cikin rigarsa, suna kallon matar hawa na uku. Daidai lokacin Adey Alganesh ta sauko daga bas, ta tsaya da hannu a ka.

Gab da faɗuwar rana Sinit ta buɗe ido a asibiti. Na matso in rungume ta, ta kau da kai daga mayafina. Na ɗauka robar ce ta dame ta. Likitar ta ce ba hayaƙin da ido ke gani ne ya kwantar da ita ba. Gawayi yana fitar da wata iska da ba ta da launi, ba ta da wari, kuma abar da na cire daga silin tana jin wannan iskar ma. Ta ce da an ƙara rabin awa. Ba ta ƙarasa ba, tafintan ma bai ƙarasa ba. Habtom ya iso daga Brandon da takalmin aiki a ƙafarsa, ya zauna ya riƙe hannun yarinyar, ko kallona bai yi ba. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Washegari wata mata ta zo bakin gadon, da jaka da takarda, tana murmushi. Sunanta Joanne. Na faɗa mata komai, har batir, har tawul, har obin. Ta rubuta. Ta ce za ta zo gida ranar Laraba. Laraba, ranar da 'yar Dekemhare take ganin 'ya'yanta.

Ranar Talata, bayan an sallame mu, na wanke kayan Sinit kaf, na goge, na shirya su a jakar da muka zo da ita. Safa shida, rigar sanyi, man gashinta, da matajin da ba ya sa ta kuka. Na rubuta a takarda da guntun Turancina cewa ba ta cin ƙwai, ba a kashe mata fitila, kuma in ta yi shiru da yawa fitsari take ji. Na zaunar da ita na yi mata kitso ƙanana masu daɗewa, don ban san ko inda za a kai ta akwai mai iya taɓa irin gashinta ba. Tana ta mita, "Mama, kin ja da yawa." Na ce ta yi haƙuri, saura kaɗan.

Habtom ya riga ya koma aiki, don haka ranar Larabar Adey ce ta zo ta zauna ta yi mana tafinta. Tun da na san ta ban taɓa ganin bakinta a rufe haka ba. Joanne ta buɗe firji, ta duba gadon yarinyar, ta danna sababbin na'urori biyu da mai benen ya manna a silin suka yi ihu suka yi shiru. Ta shiga ɗaki da Sinit su biyu, ni ina tsaye a kicin. Da ta fito sai ta ga jakar a bakin ƙofa.

"Tafiya za ku yi?"

"Ta Sinit ce," na ce. "Komai yana ciki. Akwai takarda a sama."

Ta buɗe takardar. Layi uku ne, amma ta daɗe tana karantawa. Sannan ta ninke ta miƙo mini, ta ce wa Adey, "Gaya mata ta mayar da kayan durowa. Zan riƙa leƙowa har wata uku, shi ke nan. Ba ita ce ta farko ba a sanyin bana."

Na zauna a ƙasa nan inda nake tsaye. Adey ta yi ta gyaran mayafi, can ta ce, "To ai ni ma abin da na ji na faɗa."

Da yamma Madam Pawluk ta kawo takalmin ƙafa ɗayan, da kwanon miyar kabeji. Na karɓa da hannu biyu. Miyar ba gishiri, na shanye ta tas.

Ƙanƙara ta narke, bikin Ista ya zo, Habtom ya samu hutu. An ɓare ledar tagogi. Na buɗe su duka, na kunna fankar kicin, na soya gahawa a kan lantarki. Ba ta kai ta gawayi ba, amma gahawa ce. Na zagaya da kaskon. Habtom ya jawo hayaƙin, Adey ta jawo, Madam Pawluk ma da na gayyato ta kwaikwaye su tana tari. Na juyo in miƙa wa Sinit, ba ta nan.

A korido na same ta, zaune a ƙasa, daidai wurin da muka zube ranar. Ta sa takalmi, ta toshe hanci da hannun riga.

"Zo ki jawo hayaƙin mana, ki sa mini albarka. Kin ga tagogi a buɗe suke."

"Ba na son warin, Mama."

"Ƙamshin ɗakin kakarki ne."

"Warin ranar nan ne," ta ce. "In kun gama ki kira ni."

Na tsaya a bakin ƙofa da kaskon a hannu har ya daina hayaƙi.

Shekararta goma sha huɗu yanzu, tana nan ɗakinta, ba wanda ya taɓa raba mu. Duk ranar da zan soya gahawa nakan gaya mata tun da safe, ta kwashi littattafanta ta tafi laburare. In ta dawo sai ta tsaya a bakin ƙofa ta shinshina kafin ta shigo.